Turbar Inna Tumba

Daga Bungudu

Na fito da jakina tun kafin kiran assalatu, a shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Inna Tumba, yayar mahaifiyata wadda ta goye ni, ita kaɗai ta rage a bisa wani dutse bayan Tsafe. Jama'a sun sauko tun da yaƙe-yaƙe suka ƙare, ƙaya ta rufe turbar. Na ƙudurta sai na sauko da ita, har na shimfiɗa mata sabon zane a bayan jakin.

Gusau

Na iso da azahar. Leburori sun cika gari, babu fuskar da na sani. Na sha fura a zango, na yi ta hira da jakina, shi ma bai tanka ba. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Tsafe

Na kai wa sarkin samari goro, na roƙi gayya.

"Malam, gero ya nuna," in ji shi. "Wa za shi baro gona?"

Ban ga laifinsa ba. Na ɗauki adda da gatari na kama aiki ni kaɗai, ina sara ina tsine wa sarƙaƙiya. Hannuwana duk suka yi kanta. Ashe ƙarar gatarin tana kaiwa gari, ta hana mutane sukuni. Wata safiya sai na ji ganga, ga sarkin samari da samarinsa riƙe da fartanyoyi. Muka share, muka jera duwatsu a wuraren santsi, har muka ɓulla sama.

Bisa dutse

Na tarar da ita tana kaɗi a ƙofar bukka, ta rame.

"Inna, hanya ta buɗe. Tashi mu tahi."

"In tahi ina? Mijina da ɗiyana duk nan suke kwance. Ni ba hanyar sauka nike so ba, ɗan nan. Ta hawa nike so, a riƙa zuwa ana gaishe ni."

Na yi lallashi har na gaji, ta ƙi sauka. Sarkin samari ya ɗauki alkawarin duk Juma'a wani zai hau da fura.

Gida

Na iso Bungudu lafiya, godiya ta tabbata ga Allah, samarin Tsafe kuma Ya saka musu da alheri. Na sauke zanen daga bayan jakin, na naɗe shi. Ko yamutsewa bai yi ba.