Zanen Haradhan a Kasuwar Gwanjo

Haradhan Maity ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana matan da ke sayar da kifi a kasuwar Maniktala da ke birnin Kolkata. Da safe yana koyar da zane a makarantar 'yan mata, da yamma ya tsuguna a bakin kwata da allonsa, matan suna tsokanarsa: "Malam, in ka sake ƙara mini hanci, ruwan kifi zan watsa maka." Ni nake yi wa zanensa firam na katako, shagona na ƙasan benen da yake haya. Da wuya a sayi zanensa. Yawancinsu suna jingine a bayan gado, matarsa Sabitri tana mita sun hana ta shara.

A shekarar 2006 wani saurayi mai suna Bajoria ya hau benen nan da kwat, cikin zafin Kolkata. Kamfaninsu yana tara kuɗin masu hali, ya sayi zane, ya ajiye har ya yi tsada. Ya buɗe kwamfuta ya nuna wa Haradhan wani layi da ya miƙe sama kamar hayaƙi. Ya ce da farashin gidajen gwanjon zane, inda wanda ya fi tayi ke saye, ake jan layin: a duba nawa aka sayi zane, nawa aka sake sayar da shi, a haɗa na mutane da yawa. Layin, in ji shi, ya wuce na zinariya, ya wuce na hannun jari.

"Baba, ba ka cikin layin, shi ya sa kake da araha," in ji Bajoria. "Shekarunka nawa? Akwai suga ko hawan jini?"

Sabitri ta dire masa shayi. "Ɗana, zane ka zo saye ko gawa?"

Ya yi dariya, ya ce tambayar aiki ce kawai.

Mutanen kamfanin sun saye komai sun kwashe, har na bayan gado, da sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai su. Aka kai zane biyu gwanjo a Mumbai, aka saye su da farashin da Haradhan bai taɓa jin irinsa ba. Daga baya muka ji cewa abokan kamfanin ne suka yi ta ɗaga hannu tsakaninsu suna ƙara tayi don farashin ya hau. Da wannan farashi aka auna sauran, sunansa ya shiga layin. Ya ajiye koyarwa. Mai shayin unguwa ya daina karɓar kuɗinsa, wai girma ne.

Abu ɗaya Haradhan ya roƙa: a rataya zanen nan a wani zaure, ya kai matan kasuwa su ga kansu. Bajoria ya ce masa a waya, "Baba, in an cika ganin kaya, darajarsa sauka take yi. Suna ɗaki mai sanyi, a naɗe, lafiya lau." Ya kuma ce ya riƙa yin manya, da jan launi, su suka fi tafiya. Haradhan ya yi. Ina sa musu firam ina kawar da kai, shi ma ba ya tambayata ra'ayina.

Da kasuwa ta faɗi a ƙarshen 2008, masu kuɗi suka nemi abinsu. Kamfanin ya zuba zanen Haradhan a gwanjo lokaci guda. Mai gwanjo ya kira, ya sake kira, babu wanda ya ɗaga hannu. Zanen da ba a saya ba kuwa ba ya shiga lissafin layin, saboda haka layin ya ɗan sunkuya ya ci gaba, sunan Haradhan ne kawai ya ɓace. Ya je wurin wata mai gidan sayar da zane da a da take kiransa Maigida. Ba ta ce ya zauna ba.

"Kowa ya ga an ƙi ka a bainar jama'a," ta ce. "Ka ƙone, Malam. Wa zan tallata wa?"

Makarantar ta riga ta ɗauki wani malami. Haradhan ya hau jirgin ƙasa zuwa Mumbai don ya ga aikinsa ko sau ɗaya. Mai gadin siton da aka ajiye zanen ya duba takarda ya ce sunansa ba ya cikin masu kayan. Haradhan ya ce shi ya zana su. Mai gadin ya ce to, sai ya nemo izini daga mai su. Kamfanin kuwa ya rufe, lambar Bajoria ba ta shiga.

Ya dawo gida, Sabitri ta zuba masa shinkafa da wake ba ta tambaye shi labarin tafiyar ba. Yanzu a unguwar magina ta Kumartuli yake aikin yini, yana shafa wa gumakan laka fenti kafin bikin bautarsu. Hannunsa ya fara rawa, saboda haka ba a ba shi fuska, sai ƙafa da bayan riga. Maniktala kuma ya daina bi, Sabitri ce ke zuwa cefane. Ta ce mini wata tsohuwa a cikin matan har yanzu tana tambayarta yaushe za a kai su su ga hotonsu, ita kuma takan ce mata ana shiri.