Jitar Maigadin Masaƙa

A ƙofar wata masaƙa da ta daɗe a rufe a Sharaɗa, wani dattijon maigadi yana zaune a kan benci, da ɗan akwatin katako bisa cinyarsa. Ya kafa masa dogon mariƙi, yana ɗaure wayar birkin keke guda biyu. Yatsunsa duk sun yi kanta, wataƙila a gaban injin saƙar da ke ciki ya ƙare ƙuruciyarsa. Kusa da ƙafarsa ga lasifikar tsohuwar rediyo cikin gwangwanin madara, ga batirin babur.

"Malam Ɗayyabu, jita fa waya shida gare ta," in ji mai abincin da ke gefensa, wadda tukunyarta ba ta ragu ba tun safe.

"Aina'u, ni gurmi na sani a garinmu. Biyu sun ishe ni."

Yana haɗa batirin ke nan sai lasifikar ta ƙwalla wata doguwar ƙara, sak jiniyar tashi daga aiki. Aina'u ta zabura, ta buɗe tukunya, ta ɗau ludayi, idonta a kan ƙofar masaƙar.

Babu wanda ya fito. Shi kuwa bai cire wayar ba, ya bar ta ta yi kukanta.