Raƙumi Ɗaya, Masu Saye Uku

Shekaru sun shuɗe, furfura ta ƙaru, amma ranar da aka kayar da ni a fiƙihu a makarantar 'yata a Doha ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aikin nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, muna zaune a Al Wakrah, wani gari na bakin teku kusa da Doha. 'Yar autata tana ajin ƙarshe na sakandare, burinta ta karanci zanen gine-gine a ɗaya daga manyan jami'o'in Amurka masu wuyar shiga. Ta bayyana mini cewa akwai neman gurbi na wuri, kafin sauran jama'a, kuma mai yin sa ya fi sa ran dacewa.

Na ce, "To, a nemi uku."

Ta ce, "Abba, ɗaya ake nema. Alkawari ne. In sun ɗauke ni dole in je, in janye daga ko'ina."

Ban saurara ba. A gida mun saba da zaɓi na farko da na biyu, kuma ban taɓa ganin masuncin Al Wakrah ya fita teku da ƙugiya ɗaya ba. Na yi istihara a kan jami'o'in uku, zuciyata ta natsu da kowacce, na riƙe wannan hujja. Ta kawo takardu uku na amincewar iyaye, na rattaba hannu ban karanta ko layi ɗaya ba, ni da na shekara talatin ina gargaɗin ɗalibai kada su shaidi abin da ba su karanta ba.

Mahaifiyarta ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta karanta, kai ba ka karanta ba." Na ce mata a bar wa malamai sha'anin karatu.

Saura kwana biyu a rufe karɓa, yarinya ta dawo ido jajur. Malamar da ke ba ɗalibai shawara, wadda sai da sa hannunta takarda ke tafiya, ta ƙi aika komai. Ta ce in jami'o'in suka gano, duk ukun suna iya juya mata baya.

Washegari na naɗa rawani na tafi makarantar tare da yarinyar. Malamar dattijuwa ce, Balarabiya, ta zuba mini gahawa, ni kuwa na zuba mata bayani a kan niyya, da cewa asalin abubuwa halacci ne. Ta saurara har na gaji, sannan ta ce, "Ya Shaikh, tunda Allah ya kawo ka, ina da fatawa. Mutum ne da raƙumi ɗaya, ya ƙulla ciniki da mutum uku, ya rantse wa kowanne cewa nasa ne shi kaɗai."

Na gyara zama, domin an shigo fagena. Na ce, "Bai halatta ba."

"In ya ce ai bai san wanda zai fara zuwa ba?"

"Uzurin banza ne. Yaudara ce tsantsa, kuma shaidarsa ta faɗi."

Sai ta jero takardun nan uku a gabana, kowacce da sa hannuna a ƙasa, ta ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

'Yata ta kafa wa silin ido tana cizon leɓe. Da ƙyar na ce, "Amma 'yata ba raƙumi ba ce."

Ta ce, "Gaskiya ne, Shaikh. Shi ya sa abin ya fi nauyi."

A nan aka yaga biyu. Yarinya ta zaɓi wadda na sa a ƙarshe saboda tsananin sanyin garinta, ashe ita take so tun farko. Na bi takardar da yatsa, layi bayan layi, ita tana fassara mini kamar ɗalibi sabon shiga.

Da muka koma gida, uwarta ta ce, "Malam, an yi nasara?"

Na ce, "An yi sulhu."

Bayan makonni jami'ar ta ɗauke ta, ta kuma tafi kamar yadda aka yi alkawari. Abin da na koya shi ne, alkawari ba ya sauya hukunci don an rubuta shi da Turanci, kuma rawani ba ya karanta wa mai shi takarda. Har yau in na fara jayayya a gida, uwar yara takan tambaye ni a hankali, "Malam, raƙuman nawa ne?"