Ta'aziyyar da Baba bai je ba

Baba fatoma ne a kara, kasuwar shanun Wudil. Shi ke saukar da fataken shanu, ya ciyar da su har su sayar su koma gida. Cikin baƙinsa akwai dattawa biyu da suke sauka gidanmu tun ina goye: wani dogo daga ƙasa maƙwabciyarmu ta arewa, da wani gajere daga ta gabas. Gwamnatocinsu ba sa ga-maciji, su ma sai suka ɗora wa kansu rigimar, sai ka ce su aka naɗa ministoci. Duk jajiberin kasuwa zaurenmu ba ya zaunuwa don musu.

Ƙa'idar Baba ita ce akushi ɗaya, shi a tsakiya. Ba ya raka ɗaya kara ya bar ɗaya, ba ya kuma cewa wane ne da gaskiya. Shi ya sa ya ƙaunaci shugaban ƙasarmu na wancan lokacin, don rediyo ta ce ya ziyarci ƙasashen biyu bai fifita kowa ba. Baba yakan ce mutumin nan ya san riƙon baƙo.

Sai shugaban ya rufe iyakoki, ta arewa da ta gabas duka. Ni na yi ta faɗa. Baba kuwa kare shi ya yi, wai ai bai nuna bambanci ba. Na ce masa fatoman da ya kori baƙinsa biyu rana ɗaya ba adalci ya yi ba, kora ya yi. Har yanzu ina jin haushin shugaban nan, ko da ya sauka.

Ana cikin haka aka bugo waya cewa dogon ya rasu. Baba ya ce sai ya je gaisuwa, domin fatoman da bai yi wa baƙonsa ta'aziyya ba, cinikinsa kawai ya ci. Na kai shi har bakin iyaka, aka mayar da mu. Matasa suka ce za su ratsa da shi ta daji a babur, amma gwiwoyinsa ko hawa ba su yarda ba. Muka dawo, ya daina cin abincin kirki.

Bayan sadakar bakwai gajeren ya bugo. Iyakar da ke tsakanin ƙasarsa da ta mamacin a buɗe take, ashe ya je, ya kwana a gidan makoki.

"Maigida," in ji shi, "na ce musu kai ka aiko ni. Ka yafe mini ƙaryar."

Baba ya gyara riƙon wayar.

"Ba ƙarya ka yi ba, Alhaji," ya ce. Sai ya miƙo mini wayar, ya rufe fuskarsa da hannun riga.