Tattasan da Na Shanya a Rana

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran ƙanena Malam Laminu Bukar, malamin kimiyya a makarantar sakandare ta lise a nan Diffa, bayan jinyar kwana tara.

Laminu, gari ya san ka da koyarwa, ni kuwa na san ka da ɓarnar tattasai. Shekara shida kana daka shi, kana tace jan ruwansa, kana shafawa tsakanin ƴan gilasai biyu, wai rinin zai kama hasken rana ya ba da lantarki. Ya bayar kuwa, amma ko ƙaramin ƙwan fitila ba ya riƙewa. Burinka ka ƙara masa ƙarfi, ko wata rana manomin bakin kogin Komadugu ya ja ruwa ba sai ya nemi esansi, man inji, ba. Na sha yi maka dariya, ina cewa tattasai na miya ne. Ba ka taɓa yin fushi ba. Kai ne ma ka gyara mini injin ban ruwa har sau uku a shekarar da muka koma gona bayan gudun hijira.

Abu ɗaya ka taɓa roƙona. Bara ka same ni a gona ka ce: "Yaya Kashim, ka ware mini tiya biyu ka shanya a inuwa. Ina zaton rana ce ke cinye rinin tun bai iso hannuna ba."

Na ce to. Amma wa ya taɓa shanya tattasai a inuwa? Tun kakanninmu a fili muke baza shi. Na ji kunyar maƙwabta, ga kuma ƙyuya, sai na ɗebo daga na rana na kai maka, na ce na inuwa ne. A gabana ka gwada, ma'aunin lantarkinka bai nuna ƙari ba. Ka daɗe kana kallonsa, sannan ka ce: "Ashe ni ne na yi kuskure." Ka bar wannan hanya gaba ɗaya. Ni kuwa na koma gonata, na bar ka da ƙaryar.

Bana abin ya hana ni sukuni. Na baza tiya biyu a ƙarƙashin rumfa, kullum ina juyawa, har ya bushe ja wur. Sau huɗu na duba ka a asibiti da maganar a bakina, sau huɗu ina cewa sai ka warke.

Ban sani ba ko zatonka daidai ne. Abin da na sani, ni na hana ka ganewa. Jiya na kai tattasan ga abokin aikinka Malam Maikano, na faɗa masa komai. Ya ce zai gwada.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makomarka. Aisa matar Laminu, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don wanda ya kamata in nemi yafiyarsa ya riga ya tafi.