Na Kira Shi da Muƙaminsa a Gaban 'Yan Bindiga

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru, ni manomin albasa ne a wani ƙauye na ƙasar Maiyama. Ina da 'yar fadamata, da safe kuma ina karantar da manya a zaurena. Ana yabona da ladabi, kuma ina jin daɗin yabon. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan sa, ya rene mu a kan cewa ba a kiran mai muƙami da sunan yanka. Liman liman ne, sarkin noma sarkin noma ne, ko da tare kuka yi wasan ƙasa.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati da yake zuwa mana daga Aliero a kan tsohon babur, yana duba iri da cutar da ke ƙone ganyen albasa. Shekara da shekaru ban taɓa kiransa da wani abu ba sai Malamin Gona. Shi ma yana da fadamarsa, tafin hannunsa ya fi nawa kaushi. Yakan tsokane ni cewa albasata ta fi ni ibada, tunda kullum ganyenta a sujada yake saboda rashin taki.

Wata ranar kasuwar Jega babur ɗinsa ya lalace, sai ya shigo motar da muka yi wa lodin buhuna. Da hantsi 'yan bindiga suka tare hanya, suka kora mu tara cikin daji. Muna tafe ya saki katin aikinsa cikin ciyawa, ya raɗa mani cewa daga yanzu shi manomi ne kamar ni, in kira shi da sunansa. Na ce masa to. Da muka isa mafakarsu, babbansu ya ce talaka ba ya ƙara masu komai sai cin hatsi, amma mutumin gwamnati fursunan yaƙi ne a wurinsu, ba ya fita sai an sako nasu da ke tsare. Ya sa muka buɗe tafin hannu, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Malamin Gona ya yi dariya, ya ce wannan hannun zai kankare tukunya, ya wuce.

Kwana uku ina riƙe da bakina. Ban iya furta sunan nasa ba, sai na daina kiransa kwata-kwata. A rana ta huɗu zazzaɓi ya kama shi. Da azahar aka kawo mana ruwa kaɗan a galan da kofi ɗaya, aka fara miƙo mani saboda ni ne babba. Na duba na ga leɓensa ya tsage. Na ɗauki kofin da hannu biyu, na russuna, na ce Malamin Gona ya fara sha. Wallahi ban ji fitar maganar ba sai da na ga mai gadinmu ya ɗaga kai. Ya tambaye ni malamin wace gona. Na ce laƙabi ne na wasa. Ya ce shi bai taɓa ganin an miƙa wa abokin wasa ruwa da hannu biyu ba. Ya sa ƙafa ya ture kofin. Suka kama direbanmu da duka har ya faɗi gaskiya, ina zaune ina kallo, babu abin da zan iya.

Suka ɗaure Malamin Gona a wata bishiya daban. Ranar da za a sallame mu ya roƙa a bar ni in rubuta masa wasiyya. Babu takarda, sai na juya rigata na rubuta da gawayi a ajami. Ya ce kada matarsa ta sayar da fadama, ƙanensa ya tsaya wa 'ya'yansa, kuma a gaya wa manoman ƙauyen Karaye da ke yankinmu kada su dasa irin da ke bakin rafi, ya kamu da cuta. Na roƙe shi gafara ina kuka. Ya ce ya yafe, ya ƙara da cewa shi ma bai zaci harshena zai kai kwana huɗu ba.

Na isar da wasiyyar, amma ban faɗi yadda aka gane shi ba. Na bi ƙanensa ofis-ofis, mun zauna a benci har ƙafa ta yi sanyi, kowa ya ce ana ƙoƙari, kuma mai yiwuwa ana yi. Mun yi saukar Alƙur'ani ban san iyaka ba. Damina biyu ke nan. Wani da ya kuɓuto ya ce ya gan shi yana yi masu noman dawa, wani ya ce an binne shi. Matarsa ba ta yi takaba ba, ba ta kuma ga miji ba.

Bara aka yi taron karrama ma'aikatan da aka kama a bakin aiki. Waɗanda suka dawo suka jeru, akwai malamin makaranta da wata mai allurar rigakafi, duk sun rame. Shi kuma matarsa ce ta karɓi takardar yabo. Da aka watse na tsaya nesa da ita na faɗa mata komai. Ta ce mani direba ya gaya mata tun makon farko. Abu ɗaya take so ta sani, ko ya samu ya sha ruwan. Na ce bai sha ba. Ta gyara mayafinta ta tafi.

Abin da na koya shi ne, halin kirki ma yana buƙatar hankali ya yi masa jagora, kuma zamanin da aka koya mana wasu ladubban ba shi ne wannan ba. Ina roƙon duk mai shiga mota da ma'aikaci a hanyoyin nan, ya koya wa bakinsa sunansa tun a gida. Mutanen nan suna shigo mana ƙauyuka ba bindiga ba rakiya, kuma kansu ya fi namu tsada a wurin azzalumai. Ku girmama su ta hanyar rufa masu asiri. Ni dai har yau ban sani ba ko addu'ar mai rai zan yi masa ko ta mamaci, don haka bayan kowace salla nake yin duka biyun.