Marurun Ɗan Tauri

A rumfar wanzamai ta kasuwar Illela, shekara uku da samun mulkin kai, ina kallon wani ƙato zaune bisa tabarma, wuyansa a karkace, idanunsa jajur irin na wanda ya kwana biyar bai runtsa ba. Ana raɗa cewa Lawwali na Amarawa ne, ɗan taurin da wuƙa ke lanƙwashewa a jikinsa. Na sha jin kirarinsa a bakin makaɗa, bai taɓa shiga raina ba. Wanda ƙarfe ba ya kamawa, me zan tausaya masa?

Yau maruru ne ya nuna a ƙeyarsa. Wanzami ya ɗora aska, ta naɗe. Ya sake wata, ita ma haka.

"To mi kaka so in yi? Sai ka kwance gurun ga na ƙugunka."

"Gaban jama'a, Sarkin Aska? Gobe wa za shi kira ni wasa?"

"Sai ku tahi wasan kai da marurunka."

Ya dubi taron, ya dubi ƙasa. Yatsunsa na lalube a kan igiyar gurun kamar na tsohuwa mai neman kafar allura. Na rasa abin da nake masa fata, ya kwance ko ya tashi da sunansa. Na kuma rasa dalilin da ya sa na damu da shi haka.

A hankali ya kwance, ya naɗe gurun, ya sunkuyar da kai.

"Sarkin Aska," in ji shi ƙasa-ƙasa, "da zahi?"